Yadda za ka auna tsohon takalmin ƙwallon kwando mai sunan gwani kafin ka biya kuɗi

Duk mai buga ƙwallon kwando a Kaduna ya san sabon takalmin bana mai ɗauke da sunan wani gwanin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba na kowa ba ne. Da dala ake yanke farashinsa, kuma kafin ya iso hannunka an ɗora masa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai kawowa. Shi ya sa in ka dubi ƙafafun 'yan wasa a filayen makarantu da na unguwanni, har da masu atisaye a filin wasa na Ahmadu Bello, tsofaffin samfura masu sunayen gwanayen za ka fi gani: Kyrie, KD, Dame, Harden, LeBron, Curry, jefi-jefi Kobe. Wasu daga dilar gwanjo suka fito a Kasuwar Barci, wasu kwantan kanti ne da ba a taɓa sawa ba, wasu kuma aboki ne ya gaji da nasa ya sayar.

Babu aibi a wannan ko kaɗan. Akwai takalman da aka fitar shekara 10 da suka wuce waɗanda har yau sun fi wasu na bana kama ƙasa. Abin da ke cutar mai saye shi ne rashin sanin cewa tsufan takalmi iri biyu ne. Akwai tsufan samfuri, wato an daina yayinsa, wannan ba ya hana shi aiki, ma shi ne ke sauko maka da farashi. Akwai kuma tsufan kayan da aka yi shi da su, roba da soso da gam, su kuwa suna mutuwa ko da takalmin yana kwance cikin kwali ba wanda ya taɓa zura masa ƙafa. Na farkon kake nema, na biyun kake gudu, kuma duk binciken da zan bayyana domin raba su ne.

Fara da filinka da jikinka

Tun kafin ka shiga kasuwa ka san inda za ka buga da takalmin. Yawancin takalman nan an tsara su ne domin daɓen katako na cikin ɗaki, wanda ake gogewa kafin wasa da lokacin hutu. Mu kuwa akasarin filayenmu siminti ne a fili, rana na dukansa, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na kwanciya a kansa kowace safiya. Siminti na cin roba, ƙura kuma na cike zanen tafin takalmi har ya koma santsi. Takalmin da aka yaba a Amurka yana iya zama shara a nan cikin wata biyu.

Sai jikinka da salon wasanka. Takalman Kyrie an yi su ne domin mai yanka da juyi cikin sauri: suna kusa da ƙasa, riƙonsu na da ƙarfi, amma abin da ke tare nauyi a cikinsu kaɗan ne. Saurayi mara nauyi da ke raba ƙwallo zai ji daɗinsu. Ƙato mai tsayawa ƙarƙashin kwando yana tashi yana dira a kan siminti, gwiwoyinsa ne za su biya bashin. Na LeBron akasin haka ne, suna da nauyi da jakar iska mai yawa a cikin tafi domin tare nauyi, domin an yi su ne saboda babban jiki. Na Dame da na Harden daga Adidas suna tsaka-tsaki. Kada ƙaunar ɗan wasa ta zaɓa maka takalmi. Ka ƙaunaci Kyrie a talabijin, ka saya wa ƙafarka abin da ya dace da ita.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: Nike na fitar da wasu takalman musamman domin kasuwannin Asiya, inda ake yawan wasa a waje. A kwalinsu za ka ga EP, na Jordan, wanda reshen Nike ne, kuma PF. Sau da yawa sun ɗan fi faɗi, kuma da yawansu na da roba mai tauri da ake rubuta wa XDR a tafin. In ka ci karo da irinsu, sun fi dacewa da siminti.

Gano shekarunsa

Ɗaga harshen takalmin ko ka leƙa gefen ciki, akwai ɗan farin tambari mai ɗauke da lambar ƙafa. A na Nike da Jordan akwai kwanan wata guda biyu da ke nuna tsakanin lokacin da aka ƙera shi, an fara da wata, sai rana, sai shekara, yadda Amurkawa ke rubutawa. A na Adidas wata da shekara kawai za ka gani. Wannan kwanan watan ne shekarun takalmin na gaskiya, ba shekarar da samfurin ya fara fitowa ba.

Bambancin na da muhimmanci. Air Jordan 1 ya fito a 1985, Air Jordan 11 a 1995, amma kamfanin na ta sake buga su, don haka wanda ke hannunka yana iya zama ƙirar shekara uku da suka wuce. Haka Kobe 4 da ya fito a 2008 da 'yan uwansa: tun 2018 Nike ta fara sake fitar da takalman Kobe da sunan Protro, siffar da ce amma an sabunta kayan ciki. Protro an yi shi ne domin wasa. Yawancin Jordan da ake sake bugawa kuwa masu ado ne suka fi sayensu, kuma ƙirarsu ta zamanin da ce, nauyi da zafi da tauri.

Sanin tarihin layin na kare ka daga labarin mai kaya. Takalmin LeBron na farko ya fito a 2003, Kyrie 1 a ƙarshen 2014, Curry One a 2015, Harden Vol. 1 a 2016, PG 1 a 2017, Zoom Freak 1 na Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a 2019. Nike ta raba gari da Kyrie Irving a Disambar 2022, ya koma kamfanin Anta na Sin a 2023. Saboda haka in aka nuna maka Kyrie mai tambarin Nike fil a leda, an ce sabon shigowa ne, kuma akwai kowace lamba da kowane launi, ka san ko dai tsohon ajiya ne ko jabu.

Ma'aunina shi ne: abin da bai kai shekara 3 da ƙerawa ba, in ba a ci shi da wasa ba, da wuya kayansa su mutu. Daga 3 zuwa 6 sai an bincika da kyau. Wanda ya haura 8, ina iya saya domin yawo, amma ba zan dira a kan siminti da shi ba, komai kyansa.

Tafin takalmi

Juya shi. Kafin komai ka sa tsumma mai ɗan damshi ka goge tafin, ka bari ya bushe, domin wasu masu kaya na shafa mai ko man goge takalmi don ya yi ƙyalli, wannan kuma na ɓoye gaskiyar robar.

Wurare uku suka fi cinyewa: ƙarƙashin tushen babban yatsa, inda ake juyi, gefen waje na gaban ƙafa, inda ake taka birki in za a yanka, da bayan dunduniya. In zanen ya shafe a ɗaya daga cikin na farkon biyu, zancen ya ƙare, ko da sauran tafin sabo ne fil. Ba da tsakiyar tafi ake tsayawa ba. In kuma dunduniyar ta cinye ta gefe guda ƙwarai, tsohon mai shi ya riga ya koya wa takalmin irin takunsa, kai kuma zai riƙa karkatar da ƙafarka zuwa can.

Sa farce cikin ramin zanen. Kana son rami mai zurfi da layuka masu kauri, da tazara a tsakaninsu. Zanen ƙayar kifi, wanda layukansa ke tafiya a karkace suna komowa, shi ne tsohon amintacce, domin yana riƙo ta kowace fuska kuma ƙura na samun hanyar fita. Zane mai siraran layuka a cunkushe yana da kyau a daɓen katako, amma a hunturu cikin minti kaɗan zai toshe, ka koma kana goge tafi da hannu bayan kowane zagaye, a siminti kuma siraran layukan tsinkewa suke yi.

Sai ka danna robar da farce. Mai rai tana ɗan lotsawa ta dawo, kuma in ka ja yatsa a kanta za ka ji tana riƙe shi. Wadda ta tsufa ta ƙandare, tana sheƙi, yatsa na zamewa a kanta. Wannan ita ce mafi haɗari, domin zanen na nan daram, ido ba zai gane ba, sai ka shiga fili ka taka birki ƙafa ta wuce. Roba mai garai-garai da ake hango cikinta tana komawa rawaya da tsufa. Launin shi kaɗai ba ya kashe riƙo, amma yana gaya maka shekaru, kuma a ganina irin wannan robar ta fi ɗaukar ƙura.

In akwai tayil ko siminti mai santsi kusa, zura hannu cikin takalmin, danna shi ƙasa da ƙarfi, ka tura shi gaba da gefe. Tsayawa kake nema. Kada ƙarar ƙii ta ruɗe ka, akwai masu ƙara da ke zamewa, akwai masu shiru da ke kafewa.

Abin da ke tsakanin tafi da ƙafa

Nan ne aka fi cutar mutane, domin nan ne ido ba ya gani, kuma nan ne lafiyar gwiwa da baya take. Sai ka san irin kayan da ke ciki, saboda kowanne da yadda yake mutuwa.

Akwai soson poliyuretan, wanda ke cikin tsofaffin Jordan irin su 3 da 4 da 5 da 6. Yana da nauyi da juriya, amma damshin da ke cikin iska na shiga ya warware haɗinsa sannu a hankali, zafi kuma na ƙara wa abin sauri. Takalmin da ya kwana shekaru a sito, ya ratsa teku cikin kwantena, ya zo ya sha daminar Kaduna, yana iya zama lafiya lau a ido, ka taka shi sau biyu ya rugurguje kamar dakakken ƙuli-ƙuli. Abin mamaki, wanda ba a taɓa sawa ba ya fi saurin kamuwa da wannan. Danna gefen da babban yatsa da ƙarfi. In ka ga ƙananan tsagu, ko gari ya biyo yatsanka, ko ka ji ya yi danƙo, ajiye shi. Babu mai gyaran da zai tashe shi.

Akwai soson EVA, wanda Nike ke kira Phylon, shi ne a yawancin takalman wasa. Ba ya rugurgujewa, lotsewa yake yi. Cikinsa ƙananan kumfa ne na iska, kowace dira na fasa wasu, har ya daskare. Alamarsa tamoji ne a gefe. Kaɗan ba komai, amma tamoji masu zurfi da suka taru wuri guda na nuna soson ya gama aiki a wajen. Lunarlon, wani soson Nike da aka sa a Kobe 8 na 2012, ya yi suna da laushi, ya kuma yi suna da saurin lotsewa, don haka tsohon takalmi mai shi sai an yi masa bincike biyu. Boost na Adidas, wanda ya fito a 2013, ƙananan ƙwayoyin roba ne aka manne da juna. Yana yin rawaya ya yi muni, amma ya fi EVA daɗewa da ransa, shi ya sa tsohon Harden kan ba da mamaki.

Sai jakar iska. Zoom Air siririyar jaka ce da aka cika da iska mai matsi, da dubban zaruruwa a ciki da ke riƙe samanta da ƙasanta, in ka taka ta lotsa ta dawo da sauri. Muddin ba ta fashe ba tana daɗewa, in ta fashe kuwa shi ke nan. In jakar a bayyane take, irin ta LeBron 10, dubi ko ta yi hazo ko ta tsage, ka matsa ta da yatsu biyu, lafiyayya tana turo ka. In a ɓoye take, sai ta ciki.

Ga yadda ake yi. Zare shimfiɗar ciki gaba ɗaya. Sau da yawa sabuwa ake sawa mai kauri domin takalmin ya yi laushi a gwajin farko, laushin kuma na mako ɗaya ne. Da babban yatsa danna ƙasan takalmin ta ciki, a dunduniya da ƙarƙashin tushen yatsu. Ka ji ko yana dawowa, ko kuwa akwai kwarmin da ƙafar wani ta bari. Yi wa ɗaya ƙafar haka, ka gwada su. Wannan gwadawar ita ce sirrin, domin ba ka san yadda sabonsa yake ba, amma ka san dole hagu da dama su zo ɗaya. Ka fi mai da hankali ga na hagu: mai wasa da hannun dama da ƙafar hagu yake tashi in zai ajiye ƙwallo a kwando, don haka ita ta fi shan wuya. In ɗaya ya fi ɗaya taushi, ko kana jin fitar iska ko ƙas-ƙas in ka danna, jakar ta tafi.

Daga nan ɗora su biyun a kan benci ko tebur mai daidai, ka tsuguna ka dube su ta baya. Su tsaya cak. Wanda ya jingina ciki ko waje zai jingina da idon sawunka, targaɗe kuma daga nan yake farawa.

Gam, murɗa da dunduniya

A Fabrairun 2019, Zion Williamson na jami'ar Duke ya kafa ƙafa zai juya a wasansu da North Carolina, wasan bai yi minti ɗaya ba, takalminsa PG 2.5 ya yage daga inda sama ya haɗu da tafi, ƙafarsa ta fito waje, ya ji ciwo a gwiwa. Wannan mahaɗar ce ke ɗaukar dukan ƙarfin yanka. A tsohon takalmi gam ɗin wajen ya bushe, zafin Maris da Afrilu a kan siminti kuma na ƙarasa shi.

Bi mahaɗar da yatsa tun daga hanci har dunduniya, kana ɗan ɓamɓara. Lanƙwasa gaban takalmin ka ga ko baki zai buɗe a gefe. Ɗan ɗagowa a hanci abu ne mai sauƙi, gam na takalmi zai riƙe shi in an wanke wajen, an shafa fuska biyu, an bari ya sha iska kafin a matse. Buɗewa a gefen waje na gaban ƙafa kuwa ba na yarda da ita. Ka kuma nemi alamar tsohon gyara: farin busasshen abu mai tauri alamar sufa gulu ce, wadda ke ƙandarar da wajen ta karye, sabon fenti a kan soso kuma yawanci tsagu yake rufewa.

Shumeka na iya ɗinke tafi da sama, kuma a takalmin da cikinsa soso ne zalla ɗinkin na ƙara masa kwana sosai. Amma in akwai jakar iska kusa da gefe, basilla ɗaya ta isa ta huda ta. In ka ga ɗinki a takalmi mai Zoom ko Air, koma ka sake gwajin dannawa. In kai ne za ka kai gyara, ka nuna wa mai gyaran inda jakar take tun kafin ya fara.

Kama hanci da hannu ɗaya, dunduniya da ɗaya, ka murɗa. Ya kamata ya yi maka gardama. Sannan ka naɗe shi: a tushen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba. Yawancinsu na da ɗan faranti mai tauri a tsakiyar tafi, na Jordan 11 na zaren kabon ne, in ya tsage za ka ji ƙara ko ka ga takalmin na naɗewa biyu. A ƙarshe matsa bayan dunduniya da yatsu biyu. Akwai ƙoƙo mai tauri a ciki da ke riƙe ƙafa. In ya yi laushi, galibi don tsohon mai shi ya riƙa take bayan yana sa shi kamar silifa, takalmin ba zai riƙe ka ba. Ramukan igiya da rufin ciki na dunduniya ka duba su da sauri, yagewarsu a fili take.

Sa shi a ƙafa

Je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da kake wasa da ita. Lambar Amurka da ta Ingila da ta Turai na rikita mutane, kuma kamfanoni ba su daidaita ba, don haka ka riƙe tsawon ƙafarka da santimita, yana nan a tambarin. 'Yan mata masu sayen samfurin maza su ma wannan lambar ce za ta fisshe su. Sa ƙafa biyu, ɗaure igiya har ramin ƙarshe, ka miƙe. Tsakanin dogon yatsanka da hancin takalmi a sami kusan faɗin babban yatsan hannu. Da yawanmu ƙafarmu na da faɗi, takalman Kobe da Kyrie da wasu KD kuwa matsattsu ne. Kada ka yarda da cewa zai buɗe. Fata na buɗewa, amma saman roba da zaren da ake yi yanzu ba ya buɗewa sosai.

Roƙi izinin mai kaya ka ɗan motsa. Yi tsalle ka dira a kan yatsu. Taka gefe da ƙarfi ka tsaya cak, yadda kake yi in kana tsare abokin karawa. Ƙafarka kada ta zame a ciki, kada ta hau kan gefen tafi, dunduniya kada ta ɗago. Wannan gwajin na gefe ya fi tsayin wuyan takalmi muhimmanci. Mutane na ɗauka dogon wuya ne ke hana targaɗe, amma Kobe Bryant da kansa ya nemi a yi masa gajere bayan ya lura da takalman 'yan ƙwallon ƙafa, Eric Avar, mai zanen takalma a Nike, ya tsara masa Kobe 4, daga nan gajeren wuya ya cika NBA. Abin da ke tsare idon sawu shi ne ƙoƙon dunduniya mai ƙarfi, da tafi mai faɗi da ya ɗan fito ta gefen waje, da igiyar da ta kama ƙafa.

Jabu

Kama da wane ba ta wane. Jabun yanzu sun ƙware a siffa, inda suke gazawa shi ne ciki: soso mai arha a maimakon jakar iska, roba a maimakon kabon, gam mai wari. A farin tambarin nan na cikin takalman Nike akwai lambar samfuri mai kashi biyu, shida a gaba, uku a baya. Rubuta ta a Google a wayarka. Hoton da zai fito dole ya zama wannan samfurin da wannan launin. Tambarin hagu da na dama su dace da juna da na kwali in akwai, domin a gwanjo akan haɗa ƙafa biyu daga takalma dabam. Rubutun Biyetnam ko Sin ko Indonisiya ba ya nuna komai, can ake yin na gaskiyar ma. Kuma ka sani dilar gwanjo ba shaida ba ce, Turawa ma na sayen jabu su zubar.

Ni dai da in buga wasa da jabun Kobe, gara in sayi orijina na ƙaramin layi wanda babu sunan kowa a jikinsa.

Nawa ya cancanta

Kashi biyu kake biya: aikin takalmi da sunan da ke kansa. Hakeem Olajuwon ya gane wannan tun 1995, lokacin da yake kan ganiyarsa bayan ya ci kofin NBA da Houston Rockets. Ya sa sunansa a takalmin Spalding da aka sayar dala 34.99, domin iyaye marasa ƙarfi su iya saya wa 'ya'yansu, a lokacin da na sauran gwanaye ke haura dala 100. A ɗaya gefen kuma, bayan rasuwar Kobe a Janairun 2020 farashin takalmansa ya yi tashin gwauron zabi a hannun masu tarawa. Takalman na da kyau, amma ƙarin kuɗin na suna ne da ƙaranci, ba ya ƙara maka riƙo ko tsalle. Mai wasa a siminti bai kamata ya yi takara da masu ajiya a gilas ba.

Lissafin da nake ba da shawara shi ne raba farashi da watannin da kake tsammanin zai yi maka. A ce, don misali kawai, an sallama maka wani sanannen samfuri a naira 45,000, amma tafinsa siriri ne kuma rabi ya tafi, ka ƙiyasta wata 3. Kowane wata 15,000 ke nan. Wani kuma da ba a yayinsa, mai roba mai kauri, an ce 60,000, ka ƙiyasta wata 10, wato 6,000 a wata. Mai tsadar shi ne mai arha, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ƙara kuɗin sabuwar shimfiɗar ciki da igiya da gyara a lissafin. Kuma ka tambayi farashin sabon takalmi na ƙaramin layin ɗan wasan, irin su LeBron Witness ko KD Trey 5 ko Giannis Immortality. In tsohon ya kusa kai kuɗinsu, sabon ya fi, domin sosonsa da gam ɗinsa ba su tsufa ba, kuma sau da yawa robarsu ta fi jure waje.

Wajen ciniki, abin da ka gano shi ne hujjarka, ka faɗe shi cikin mutunci. “Alhaji, kaya na da kyau, amma dubi nan, ƙirar 2018 ce, ga gefen ya fara ɗagowa, sai na kai gyara.” Zai ce, “Haba ɗan'uwa, wannan ai na farko ne, yau aka kwance dila.” Yi tayinka, in ya ce albarka ka ƙara kaɗan ko ka yi sallama. Ƙura, rawaya, ƙujewar fenti, tsohuwar igiya, rashin kwali, duk abubuwan rage kuɗi ne da ba sa taɓa wasa, mai wayo ma irinsu yake nema. Amma robar da ta ƙandare, soson da ya lotse ko ya tsage, jakar da ta fashe, dunduniyar da ta karye, waɗannan ba a ciniki a kansu, ko kyauta ne. In ta WhatsApp ko Instagram za ka saya, nemi hoton tafi da na tambarin ƙafa biyu da na ciki bayan an zare shimfiɗa, ku kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin ka tura kuɗi.

Bayan ka kai shi gida

Zare shimfiɗa da igiya ka wanke su dabam. Jikin takalmin ka goge shi da burushi da ruwan sabulu kaɗan, kada ka jiƙa shi cikin bokiti, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana na kashe gam. Cikinsa ya bushe sarai kafin ka sa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu na bin takalmin gwanjo.

Kada ranar farko ta zama ranar gasa. Yi jifa da gudu marar tsanani sau biyu ko uku, kana duba mahaɗar tafi bayan kowane atisaye, domin gam ɗin da zai saki a makon farko yake nuna kansa. Ka riƙa zuwa fili da silifa, takalmin na jaka, kada kwalta da hawa babur su cinye maka shi. A hunturu ajiye jiƙaƙƙen tsumma a bakin fili kana takawa, kuma in ku da abokan wasa za ku share filin kafin ku fara, kowa zai ga bambanci. A damina cusa masa takarda bayan wasa ta tsotse gumi, kada ka bar shi cikin leda ko but ɗin mota.

Duk wata ka maimaita gwaji uku: danna ciki, ɗorawa a tebur, da duba ƙarƙashin babban yatsa. In ka fara jin ciwon gwiwa ko ƙwauri ko tafin ƙafa washegarin wasa alhali ba ka ƙara yawan atisaye ba, fara zargin soson, ka ari takalmin aboki mai lambarka ka buga sau ɗaya ka gwada. In ciwon ya ragu, naka ya koma na yawo. In bai ragu ba bayan ka huta, je asibiti a duba ƙafar.